Gaba Nawa

Arzika ya iso da hantsi daga Kalfu, a bayan kabu-kabu,
hannu a kunci, rawani ya karkace.
Shekara arba'in yana sauka cikin rijiya
bai taɓa tsoron rami ba,
sai yau da kujerata ta kwanta da shi.

Turmin ƙasa na hagu.
Baƙin ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba.
Kogon haƙori maƙaryaci ne,
bakinsa na allura, cikinsa rumbu.

Na fara haƙa.
Saman haƙori marmara ce, fara, busasshiya.
A nan gam ba ya gardama,
ki wanke, ki shafa, ki haska shuɗiyar fitila,
ya kama kamar tsohon bashi.
Ƙarƙashinta rawaya ce mai ɗan laushi,
cike da ƴan hanyoyi da ido bai gani,
kuma duk sun nufi jijiya.

A Yamai, muna ɗalibai, mun yanka haƙora faifai-faifai,
mu manna, mu ja da na'ura har su rabu,
mu rubuta lamba.
Faifan sama ya daure.
Na tsakiya, da dama-dama.
Na ƙasa, inda hanyoyin suka yi yawa, suka yi faɗi,
inda haƙori ke gumi daga ciki,
shi ya fi saurin saki.
Na ci jarrabawa da wannan. Ban ce na gane ba.

Nijelek ta ɗauke wuta.
Kafin Tsahara ta tada janareto
tsoho ya tofar, ya ce da rabin leɓe a mace:
«Likita, gaba nawa kika kai?»
Na ce na kusa ruwa.
Ya yi dariyar gefe ɗaya.

«To nan aikin yake.
Sama kowane yaro ya iya shafe,
rana ma tana taya shi.
Rijiyata ta fari, a Bagga, a gaba sha biyu ta zube.
Na kwashe ruwa ƙaf, na ɗauka wayo ne,
ƙasa ta yi gari, siminti ya rasa abin riƙo.
Ta biyu na bar ta jagab, ya narke a hannuna.
Ba a hana rijiya gumi.
Danshi ake nema, irin na tulu da asuba.»

Wuta ta dawo.
Na ajiye bututun iska, na ɗauki auduga,
na dangwala sau ɗaya.
Ramin na ƙyalli, bai kwanta da ruwa ba.
Na shafa, na goga a hankali ina ƙirga ashirin,
sai ƙanwata Hadiyo ta faɗo mini,
damina uku ke nan
daga barka da salla sai ina gajiya,
duk a sama, inda ba ya zafi.
Fitila ta yi ƙara. Na cika, na daidaita.

Ya cije, ya lasa, ya sāke cijewa.
Ya kwance jaka biyar daga bakin rawani,
yana miƙar da kowace a gwiwa.
«Zai riƙe?»
Na ce ya dawo bayan damina mu gani.

Ya tsaya a ƙofa, Tawa na tafasa a bayansa.
«Ni ma haka nake ce wa masu rijiya.»