Goman da Ba Ta Shiga Tukunya Ba

Ta zo Bambeye ran Talata,
Malama Tsahara daga Tawa,
da kaye, da bik, da ƙurar hanya a gefen zane,
ta ce tana son ta auna haɗin kanmu.
Arzika ya yi dariya:
"Da tiya za ki auna ko da mudu?"

Mu biyar ne a fadarmu:
ni, da Arzika, da Miko ɗan maƙera,
da Illa mai keken ruwa,
da Nomau, wanda ko ƙuda bai ci nasa ba,
in ji mutanen gari.

Aka ba kowa kwabbai goma, 'yan dala ashirin,
aka rataya atamfa a ajin lakkol,
aka aje tukunya a bayanta.
"Abin da ka zuba za a ninka shi biyu,
a raba daidai ga kowa.
Abin da ka riƙe naka ne.
Ba mai ganinka."

Ba mai ganinka.
Tun da uwata ta yaye ni
ban taɓa jin wannan magana a garinmu ba,
inda ko tari ka yi a gona
sai an tambaye ka jiki da magariba.

Na shiga.
Zafin kwano a ka, ƙamshin alli,
tukunya ta buɗe baki tana jira.
Ba yunwa nake ji ba,
ba bashin kowa a wuyana.
Zuciya ce ta ce: su ma wayo za su yi,
kar ka zama jakin da ke ɗaukar kayan gari.
Na kaɗa gefen tukunya da zobe
don a ji ƙara a waje,
na fito da goma a aljihu, lum.

Aka juye a tabarma.
Arba'in.
Malama ta ninka, ta raba sha shida-shida,
ta rubuta tamanin cikin ɗari,
ta ce ƙauye tara ta zaga
ba ta ga irinmu ba.

Su kuwa lissafi suke yi a ido:
goma ta ɓata, wa ya riƙe nawa?
Ko kowa ya ɗan tsakura bibbiyu?
Ba wanda ya ce uffan,
sai dai wuya ya karkata
wajen Nomau,
kamar gero in iska ta taso daga gabas.

Ni kaɗai lissafina ya cika.
Hamsin a cire gomata, saura arba'in:
kowa ya zuba duka.
Har Nomau.
Nomau mai ƙulle sukari a bakin riga,
mai raba goro gida huɗu,
da labule ya rufe shi
sai ya juye hannunsa kaf.

Da dare na biya shagon Kadade,
na sayi shayi, sukari, da gawayi,
na shimfiɗa tabarma ƙofar fada.
"Kai dai Haru, hannunka ba ya riƙe abu!"
in ji Miko, yana kurɓar na farko.
Nomau ya zauna can bakin inuwa.
Da kofi ya zo kansa, Illa ya ce,
"Sha, ai ka saba shan na mutane."
Ya sha. Bai ɗaga kai ba.

Gobe akwai gayya, za mu jera duwatsu
a gonar gwauruwar nan ta bakin kwari.
Zan zo da wuri, kowa zai gan ni,
zan ɗauki dutsen da ya fi na kowa.

Malama, kayenki bai yi ƙarya ba,
tamanin ne.
Amma in kin komo bayan kaka,
ki zo da labulen nan.
Akwai wanda nake so in sake tararwa a bayansa,
ban san ko zai bari mu gaisa ba.