Bayan Dutse

Na yanka sararin Damagaram gunduwa-gunduwa
kamar mahauci ranar watanda.
Kowace gunduwa taku biyar a tsaye, biyar a kwance,
akwati bisa akwati, har miliyan tara,
daga rufin kwanon Zango
zuwa inda shaho ke daina kaɗa fiffike.
Na auna wa kowanne iska da mudun lissafi,
na ce wa kwamfuta: to, hura.

Dare na uku ke nan tana nishi
kamar jakin da ya ɗauko jarka takwas.
Malam Kyari mai gadi ya leƙo da shayi,
ya ce, 'yar nan, kowa na gudun tara iska,
ke kuma ita kike ƙirgawa?

Ga abin da allo ya nuna mini.
Da rana ƙasa kasko ce,
iska na tafasa, tana tasowa kamar kunun da aka manta a wuta.
Da dare sai ta kwanta hawa-hawa, tabarma kan tabarma,
ƙasa tsit, ko ganyen bedi ba ya motsi,
alhali can sama, tsawon giginya goma,
kogi ne ke gudu babu mai jin ƙararsa.
Da hantsi kogin ya ɓalle, ya zubo mana,
ya ɗauke wa mata wanki daga igiya.

Babbar guguwa idan ta mutu, gado ake rabawa:
'ya'ya su ɗiba, jikoki su yaga,
tattaɓa-kunne su lashe ƙwarya,
har dukiyar ta koma ɗumi kawai.
Na ƙarshen nan sun fi ramin rariyata ƙanƙanta.
Su kam kintace nake musu, Allah ya yafe.

Saura kaɗan a gama
aka ɗauke wuta.
Na zauna cikin duhu, ni da iskar ƙarya da ta mutu a akwati,
ta gaskiya kuwa tana taɓa ƙyauren taga
kamar mai bin bashi.

Ran Lahadi na hau mota zuwa Mirya.
Na tarar da Gwaggo Cima tana shiƙa,
ƙwarya a sama, ƙwarya a ƙasa, gero na zuba tsakani.
Na buɗe mata taswira, ja da shuɗi,
na nuna inda za mu kafa turke mai fiffike uku,
nan, gefen dutse, inda lissafi ya ce akwai ƙarfi.

Ba ta ajiye ƙwarya ba.
Ta ce, ƙarfi akwai, hankali ne babu.
Wadda ta yi shiƙa a bayan dutsen nan
ƙaiƙayi a idonta yake kwana.
Iskar wurin mashaya ce, gaba take, baya take,
za ta murɗe wa ƙarfenku wuya kafin kaka biyu.
Matsa can, wajen tsamiya,
kuma kada ki jera su a bayan juna,
ta gaba ce ke cinye rabon ta baya.
Mu ma a kafaɗa muke tsayawa.

Na dawo na duba.
Ashe dutsen, a cikin akwatina, na yi masa aski,
na shafe shi sumul kamar ƙwai,
ga tsaga, ga ƙusumbi, duk na bar su a waje.
Na mayar masa da kamanninsa.
Kwana biyar ana nishi.
Sai ga mashaya a kan allo, tana tangaɗi
daidai inda Gwaggo ta nuna da haɓa.

Har yau ba a kafa turke ko ɗaya ba,
takarda tana Yamai, ƙarƙashin wasu takardu.
A shafin godiya na rubuta sunanta,
shugaba ya tambaya wace jami'a take.
Malam Kyari ya kunna cocila,
muna jiran wuta,
kogin nan na sama yana ta wucewa kyauta.