Tukwanen Eilif

Tsibirinmu, in ka duba taswira,
sai ka ɗauka ƙuda ne ya sauka a kan takarda.
Tafiyar wuni guda ce daga kai zuwa gindi,
in dai iska ba ta tare ka ba.
Yamma duk dutse ne baƙi, a tsaye kamar bango,
tsuntsaye sun shafe shi da farin kashi.
Gabas ce kaɗai ta durƙusa wa jirgi.

Ba mu da bishiya ko ɗaya.
Itacen ƙofarmu teku ce ta kawo,
ba mu san dajin da ya yi asararsa ba.
Wata biyu rana takan ƙi faɗuwa,
wata biyu kuma ta yi yaji,
mu zauna da fitila muna jiran bikonta.

A gaɓar gabas ɗin nan kakana Eilif ya tsufa.
Tukwanensa uku na ƙarfe suna nan,
kowace za ta haɗiye sa da ƙahonsa.
Yanzu ruwan sama ke kwana a ciki,
tsatsa na ci ba ta gode ba.

Ya ce mini, "Halldis, giwar teku ba kifi ba ce.
Iska take sha kamar ni da ke,
nono take ba ɗanta."
Ya faɗi haka yana wasa mashi.

A zamaninsa, in an ga feshi ya tashi a nesa,
ko mai jego sai ta leƙo.
A ja gawar zuwa tudu, a fiɗe, a narka kitse,
hayaƙi ya kama gashi, ya kama gurasa,
har addu'ar Lahadi warin mai take yi.
Man ya tafi kudu cikin ganguna,
ya haska titunan biranen da ba su san sunanmu ba.
Mu aka bar wa ƙashi.
Haƙarƙari biyu ne ƙofar maƙabartarmu,
ta ƙarƙashinsu aka wuce da Eilif.

Wata shekara feshin ya ragu.
Wata shekara aka kwana arba'in ana duba ruwa.
Kowa ya ce sun canja hanya ne.
Ba wanda ya ce mun cinye.

Jiragen suka daina zuwa, samari suka bi su.
Mu ashirin da bakwai muka rage,
har da jaririyar Oddny da ba a raɗa wa suna ba.

Ni aikina yanzu ƙidaya.
Ina hawa dutsen yamma da littafi da fensir,
sanyi na cizon yatsuna.
Jiya da hantsi na ga feshi biyu,
ɗaya dogo, ɗaya ɗan ƙarami a gefensa.

Na rubuta: biyu.
Hannuna na dama, wanda ya gaji na Eilif,
sai da na sa shi cikin aljihu.