Madafa Ɗaya a Kakuri

Gidanmu na haya ƙofa tara ne,
madafa ɗaya, rufinta na yoyo ta gabas.
Tun da masaƙa ta yi shiru
maza suka koyi fita da asuba ba su san inda za su ba,
mu kuma muka koyi karanta juna da hanci.

In manja ya ƙone har tari ya sarƙe ki,
Iya Rofiyat ce.
Tana tura wa autanta amala da miyar da ta ji barkono,
yana hawaye, tana yi masa kirari da yarensu.
Wai yaron da bai san yaji ba, iska ma kayar da shi take.
Ina kallo ina cewa a raina, wannan ai azaba ce.
Amma ga kumatunsa.

Maman Zigwai ba ta sayen ganye.
A bayan ɗaki ta jera buhunan siminti da fasasshen bokiti,
yakuwa, alayyafo, gauta mai ɗaci,
kamar ta ɗauko Zonkwa a ka ta sauke a nan.
A wurinta yara ke fara ci,
babansu ya jira abin da tukunya ta rage.
Ranar da na fara gani sai da na riƙe baki.

Ni kwanon maigida nake fara rufewa.
Haka na taras, haka nake yi.
Cefanen yini a tafin hannu yake shigowa:
ƙullin kuka, ƙullin daddawa,
garin masara gwangwani biyu,
dunƙule ɗaya a fasa shi, rabi yau, rabi gobe.
Da safe ɗumame.
Da rana, in Jazuli ya dame ni,
alawa ce ke saya mini shiru.

Ranar awo malamar asibiti
ta naɗa masa 'yar igiya mai launi uku a dantse,
ta ja, ta tsaya a kan rawaya.
Ta ce, me yake ci?
Na ce, abin da muke ci.
Ta ce, ƙwai fa?
Na ce, innata ta ce ƙwai na koya wa yaro sata.
Ban faɗi kuɗin ƙwai ɗaya ba. Ta sani.

Ban gaya wa kowa ba,
amma bangon gidan haya bai iya riƙe magana.

Da la'asar sai ga Maman Zigwai a ƙofata
da 'yar tukunya sabuwa, ko baƙi gindinta bai gama yi ba.
Ta ce, na san abin da kike tsoro.
Wannan ba ta taɓa ganin nama ba, kowane iri,
kuma ba za ta gani ba.
Faten acca ne, da wake, da gyaɗa.

Shekara huɗu ina ɗibar wuta a murhunta
ban taɓa ɗanɗana gishirinta ba.
Na karɓa da hannu biyu,
na rasa inda zan ajiye idona.

Iya kuwa kan busasshen kifi ta aiko a miya,
ta rantse ta rage barkono.
Ƙarya take.
Jazuli ya shanye ruwa kofi biyu, majina na zuba,
ya sake miƙa kwano.

Yanzu Zigwai ba ta wuce ƙofata ranar ɗanwake.
Ƙarshen wata kuma duk yarenmu ɗaya:
ruwa na tafasa, kowa na jan lokaci.

Igiyar tana kan rawaya har yau,
sai dai ta ɗan matsa.
Na shuka alayyafo a buhu, akuya ta cinye, na sake.

Jiya na ɗauke tsokar kifi daga kwanon maigida
na sa a na yaron.
Ya gani.
Ya daɗe yana wanke hannu,
sannan ya turo masa sauran romon.