Taya Uku a Valparaíso

Garinmu a rataye yake a jikin tsauni,
gidaje kamar wanki a kan igiya.
Matakala ɗari da goma sha bakwai ce zuwa ƙofar uwata.
Ban taɓa ƙirgawa ba
sai ranar da ƙannena biyu suka hau da ni a hannu,
suna haki, suna rantsuwa wai ba ni da nauyi.

Igiyar ƙarfe ce ta tsinke a tashar jiragen ruwa.
Ban ji ƙara ba. Na dai ga hular kwanona
tana gangarawa ita kaɗai,
na ce a raina: za a yanke kuɗinta a albashina.

Likita ya zana ƙashin baya a bayan takardar magani,
ya ja layi da biro.
Daga nan zuwa ƙasa, in ji shi.
Wata bakwai ina kallon teku ta taga,
ina jin haushin tsuntsaye.

Baldomero, tsoho mai ƙafa ɗaya da bakin tsiya,
bai ce mini sannu ba.
Ya matsa damtsena kamar mai taya kifi a kasuwa,
ya ce, "Rayén, asara ce a bar wannan a gado."

Keken na aro ne, taya uku, dogon hanci,
kujerarsa ɗaure da salatif.
Ba tura shi ake yi ba, duka ne.
Na daki taya, taya ta rama:
fata ta saɓule, ta yi kanta, ta sake saɓulewa.
Ƙarfe biyar na asuba a titin bakin teku,
masunta na jan raga, karnuka na bina,
har ranar da suka riga ni gajiya.

A Santiago na kife a kwana. Na zo ta ƙarshe.
Na yi kuka a banɗaki, na ci burodi biyu,
Litinin na koma.

Yau ga ni a layi na huɗu, tuta a ƙirji,
mu takwas, kawuna a sunkuye.
'Yan jarida na cewa jaruma. Su riƙe abinsu.
Ni bashin daƙiƙa biyu nake bin agogo tun bara,
karɓa na zo yi.

Uwata na can sama, ƙarshen matakalar nan,
ta rage muryar talabijin don zuciyarta ba za ta ɗauka ba,
tana kankare kifin da ta riga ta kankare.

Bindiga ta tashi.
Ƙafafuna ba su ji ba.
Kafaɗuna suka amsa.