Dutsen da Gulbi Ya Tono

Bana gulbi ya ci gaɓa a ƙasan Jiratawa,
ya haɗiye kunya shida daga gonar Kawu Nomau.
Da ruwa ya janye muka je duban ɓarna,
sai ga dutse kwance cikin yashi,
cikinsa a lotse kamar tafin mai kamfatar ruwa.
Ƙasarmu ba ƙasar dutse ba ce.
Wani ya ɗauko shi daga nesa, a ka.

Kawu ya ce na mutanen ɓoye ne, a bar musu kayansu.
Ni na durƙusa, na sa hannu a lotson,
ya zauna daidai, kamar an gwada.

Ke da kika lotsa shi, ban san sunanki ba.
Ban san da wane baki kike kiran ruwa ba,
ko a bakin naku akwai kalmar baɗi.
Kafin rumbu, kafin sungumi,
daji ne tukunyarku, ƙafa ce ludayi.
Kanya ta nuna, ku je.
Ɗinya ta zuba, ku koma.
Aduwa, magarya, saiwar da sai an tona da tsinke,
tsabar da tururuwa ta tara, ku fasa mata gida ku kwashe.
Maza na bin sawun barewa kwana uku,
wani lokaci su dawo da ƙishirwa kaɗai.
Gida shi ne inda rana ta faɗi.

Na ƙaddara wata yamma ƙoƙonki ya tuntsure
a bakin toka, inda kuke zubar da ƙashi.
Kika tsince abin da ya tsintu, kuka tashi.
Da damina ta maido ku,
ga ciyawa tsaye a wurin, ta fi ƴan'uwanta ƙiba.
Iska ta kakkaɓe sauran,
zangarniya ɗaya ta riƙe ƴaƴanta, ta ƙi saki.

Ba ki ci ba.
Nan ne nake tsayawa kullum.
Yaro na kuka a bayanki, nono ya janye,
kika ƙulle tsabar a fata, kika rataye.
Wata bakwai kina kallonta.
Sannan mai yunwa ta binne abincinta a ƙasa,
ta take da diddige, ta juya baya.
Na tabbata sun yi miki dariya.

Daga ranar ƙafa ta ɗauru.
Wanda ya shuka ba ya bin barewa,
sai gadi, sai korar tsuntsu, sai kallon gabas.
Baya ya koyi sunkuyo.
Aka haifi nawa, aka haifi naka,
aka dasa gamba a kan iyaka,
rumbu ya tashi, ɓera da bashi suka zo masa barka.
Ban ce kin yi kuskure ba.
Da furar safe a cikina nake wannan magana.

Dajin dai bai sake mu duka ba.
Shibra na nan tsakiyar hatsi,
Kawu na tuge ta yana tsaki,
ita kuwa ta riga ta zubar da ƴaƴanta.
Shekarar da sama ta hana,
Iya Tabawa ta ɗauki ƙwarya ta shiga daji,
ta jiƙa anza kwana huɗu har ɗaci ya fita,
ba wanda ya koya mata sai wadda ta haife ta,
ita ma haka, har a kai gare ki.

Na ɗora dutsen a amalanke, Kawu na faɗa.
Ran Talata injin niƙa ya mutu,
Iya ta wanke shi, ta zuba hatsi tafi biyu,
ta miƙa hannu gefe ba ta duba ba,
sai ta ce, ina ɗansa?

Gulbi ya tafi da ɗan dutsen.
Kowace yamma ina bin yashi ina nema.