Littafin Aling Pasita

Ƙarfe sha ɗaya na dare, hawa na talatin da ɗaya.
Makati na ƙyalli a ƙasa kamar an watsa tsabar kuɗi.
Saura ni, da mai goge daɓe, da peso arba'in
da suka ƙi zama inda lissafi ya ce su zauna.
Kamfani mai juya biliyoyi
ya hana ni barci a kan kuɗin kilo ɗaya na shinkafa.

Tun muna aji ake yi mana huɗuba:
ku kama aikin akanta, ba ya tsufa, ba ya kwana da yunwa.
Mai binciken kuɗi yana cin mai kyau,
masanin haraji ya fi shi,
wanda ya hau kujerar shugaban kuɗi kuwa
damuwarsa wace mota zai shiga ran Litinin.
Ba su yi ƙarya ba.
Jarrabawar ta kayar da ni sau ɗaya,
na sha kuka a bayan jifni tun daga gari har Nabotas,
na koma, na kayar da ita.

Albashina na wata yanzu
ya fi abin da uwata ke haɗawa daga Kirsimeti zuwa Kirsimeti.
Jiya ma wasiƙa ta zo daga Singafo:
ninki uku, da gida, da tikitin jirgi.
Tana cikin jakata. Ban gaya wa kowa ba.

Aling Pasita ake kiran uwata a kasuwar kifi.
Ƙarfe biyu na dare take tashi, ta tari jiragen ruwa,
hannu cikin ƙanƙara har ya daina jin kansa.
Tana da littafi, irin na 'yan firamare,
bangonsa ya kumbura, ƙarni ya kama kowane shafi,
fensir ɗaure da zare.
A nan na fara ganin lamba tana da fuska:
Mang Isko, kilo biyu, sai an biya shi.
Matar Dodong, rabi, yaro ba lafiya.

Shekarar da guguwa ta ci kwale-kwalen Mang Isko da shi a ciki,
na ga ta ja layi a kan sunansa, a hankali,
kamar mai rufa wa yaro zane.
Na ce, "Inang, asara ce fa."
Ta ce, "Rodora, ƙidaya canjinki, ki bar mini nawa."

Mu ma muna da suna ga irin wannan layin,
da dokarsa, da sa hannun mutum uku.
Ita fensir kawai ta lasa.

Na saya mata firji, na gyara rufin.
Na ce ta huta. Ta yi dariya har da tari:
"In huta, wa zai tuna wa ke bin wa?"

Sha biyu saura kwata na gano su.
Wani ya rubuta hamsin da ɗaya
inda ya kamata ya sa casa'in da ɗaya.
Shi ke nan. Dama ta yi daidai da hagu.

Na kashe fitila, na tsaya jiran lif.
Nan da awa biyu agogonta zai kaɗa.
Ina laluben wasiƙar a jaka,
ina tarawa, ina ɗebewa,
amsar ta ƙi fita.